Batirin da Na Kai wa Kawu Mati

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu, majalisar da muke hira, ba. Wannan ya ce, "Isuhu, da gaske ka shiga ruwa?" Wancan ya ce, "An ce wai akwatin banza ka kai wa masunta." Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri, don shekaranjiya har na ji wai kada ya biyo ni. To ga shi a rubuce, mai so ya karanta, ni kuma a bar ni na huta.

Kun dai sani ni mai aikin wuta ne a nan Matameye. Ina haɗa pano, wato faifan sola, da batiri a gidaje da garake, ina gyara famfon ban ruwa. Ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba. Kawu Mati kuwa ƙanen mahaifiyata ne. Ya tafi cin rani Najeriya tun ban shiga lakkol, wato makarantar boko, ba, ya faɗa hannun masunta a bakin dam ɗin Tiga, ya koyi kamun kifi, ya yi zamansa. Bara ya zame a kan dutse, kafaɗarsa ta dama ta goce. An yi ɗori, amma hannun bai ƙara ɗaguwa ya wuce ƙirji ba, filafilin tuƙa kwale-kwale kuwa hannu biyu yake so. Sarkin ruwan zangonsu ya hana shi fita shi kaɗai. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu.

Hajiya, mahaifiyata, ta kira ni ta ce, "Ka je ka ɗauko mini ɗan'uwana. Ba zai ƙare rayuwarsa yana cin tuwon maƙwabta ba, ina raye."

Da na kira shi a waya na faɗa masa, sai ya ce, "Ɗan nan, in kuka zaunar da ni gindin bishiyar bedi ina kallon awaki, kafin shekara ta zagayo za a zo muku ta'aziyya."

Kwana uku maganar tana cina. Injin isans, wato fetur, ba zai yi masa ba, don jan igiyar tayar da shi ma kafaɗa yake so. Amma akwai wani ɗan inji mai aiki da batiri, wanda ake ɗaurawa a bayan kwale-kwale ya riƙa tura shi sannu a hankali, da hannu ɗaya ake juya shi. Matsalarsa batiri. Irin na mota mai ruwa ya fi ƙarfin mai hannu ɗaya, ga saurin gajiya. Na litiyom kuwa, irin wanda nake haɗa wa masu pano, ba nauyi, kuma yana ba da wutarsa har ƙarshe. Na je na ce wa Hajiya ta ba ni dama sau ɗaya. In bai yi ba, tare da Kawu za mu dawo.

Ta dube ni ta ce, "Taurin kan nan na gidanmu ne, ba na gidan ubanka ba. Je ka."

Mako biyu na yi ina haɗa shi. Na jera 'ya'yan batiri huɗu cikin akwatin roba mai murfi, na toshe duk inda ruwa zai shiga, na sa masa wani ɗan allo da nake kira mai gadi, wanda ke yanke wuta in aka ja fiye da kima. Ran Litinin da safe na kama hanya, batiri a hannu, ɗaurin rake na Hajiya a kafaɗa, wai tsarabar ɗan'uwanta.

Rigimar farko a tasha aka yi ta. Direba ya ce akwatin ya hau saman mota, a danne shi da buhunan wake. Na ce sai dai ni na hau saman, shi ya zauna a kujera. Ƙarshe na rungume shi a cinya. Wata dattijuwa mai fataucin tabarmi da ke gefena ta yi ta kallona, har ta kasa haƙuri ta ce, "Malam, jariri ne a ciki, ko zinariya?" Na ce mata wuta ce. Ta matsa gefe ta ja mayafi, ba ta ƙara yi mini magana ba har Ɗan Barto.

A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da ni ba. Da muka tsallaka Kwangwalam, wani jami'i ya ɗaga akwatin da hannu ɗaya, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Ya ce, "Ka ce batir ne? Batir ɗin da ba nauyi? Buɗe mu gani." Gaskiyarsa ce, aikinsa yake yi. Na durƙusa ina kwance kusoshi, biyu suka faɗa cikin yashi. Na nuna masa ciki, na fito da ƙwan fitila daga aljihu na jona, ya kama fes da tsakar rana. Ya yi dariya ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, shi ma ya kira wani. Kafin a gama kallo in tono kusoshina, motarmu ta gaji da jira ta tafi da rakena. Na bi wata motar raina a ɓace. Ina sauka a tashar Daura sai ga dattijuwar nan zaune kan tabarminta, ɗaurin rake a gabanta, tana shan ɗaya. Ta ce, "Na tsare maka amana, mai wuta. Wannan ladan gadi ne." Na gode mata har zuciya, na ƙara mata wani.

A Kano na sauka wurin Hamisu ɗan unguwarmu, mai sayar da shayi. Su takwas ne a ɗaki ɗaya, duk 'yan Matameye da Tsauni masu cin rani, na zama na tara. Aka matsa mini wuri kusa da ƙofa, inda duk mai fita alwala sai ya tsallake ni. Ban yi ƙorafi ba, don da gurasa da romo suka karɓe ni. Shayin Kano dai har yanzu ban gane masa ba. Mu a ɗan ƙaramin kofi muke shan namu, mai ɗaci, sau uku, ana hira. Su kuwa ƙaton kofi ake cika maka da madara, ka shanye a tsaye ka ba wani wuri.

Kwana biyu ina yawon neman injin a kasuwar kayan gwanjo. Wani ya kawo mini fanka ta tsaye, wani ya kawo injin markaɗe, wani kuma ya ce, "Kai ɗan Faransa, a hamadarku me za ka yi da injin jirgi?" Na yi gaba. Rana ta biyu da yamma na same shi a bayan wani shago, ƙarƙashin tsofaffin kekuna, farfelarsa ta ɗan lanƙwashe. Na miƙar da ita, muka gwada shi a duron ruwan Hamisu. Ina murɗa hannun, ruwa ya tashi ya jiƙa mutum uku da burodinsu. Hamisu ya yi ta ba su haƙuri, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa don murna. Na sayi pano guda da na'urar daidaita caji, washegari na nufi Tiga.

Mota ta sauke ni a Rano, ɗan acaba ya ƙarasa da ni, pano a bayana kamar allo. Da muka hau wani tudu na hango ruwan, sai da na ce masa ya tsaya. Ban taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba.

Kawu Mati ya tare ni a ƙofar bukkarsa. Ya tallafo hannun dama da na hagu kafin ya miƙo mini. Ya rame, amma ido na nan garau. Ya tambayi Hajiya, ya tambayi damina, ya ɓare rake da haƙori yana sha. Bai kalli kayan da na zo da su ba sai da ya gama.

Mutanen wurin suna da al'adunsu. Mu in mutum ya dawo daga gona sai mu tambaye shi dami nawa ya samu. Su ba a tambayar masunci abin da ya kama. "Ya ruwa?" kawai ake cewa, ya ce "Da godiya," ko da kwandonsa wayam. Na tambayi wani kifi nawa ya samu, ya dube ni kamar na zage shi. Na taka cikin kwale-kwalen Kawu da takalmi, mata masu wanke-wanke suka kwashe da dariya. Kifi kuwa da shi ake karyawa, da shi ake wuni. A gida sai baƙo ya zo ake ganin tarwaɗa a miya, a can kuwa rake ne ya zama abin marmari, ɗaurin Hajiya bai kwana ba.

Washegari da hantsi aka taru a bakin ruwa, don sarkin ruwa ya ce sai ya gani da idonsa kafin ya janye haninsa. Dattijo ne mai sanyin magana. A gefensa akwai Malam Sabo, mai cajin batir na zangon, wanda duk fitilar masunta da rediyonsu daga janaretarsa suke shan wuta. Shi ya fara ɗaga batirina. Ya girgiza shi a kunne, bai ji motsin ruwa ba, ya taɓe baki ya ce, "Batir nauyinsa ne ƙarfinsa. Wannan ko rabin nauyin na mota bai kai ba."

Sarkin ruwa ya ce, "To a gwada shi a babban jirgina, mu ga ko zai tayar da inji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Batirin tayar da inji daban ne, shi lokaci guda yake zazzage ƙarfinsa. Akwai na litiyom da ake yi don haka, amma wannan na haɗa shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan, wuni guda. In aka fizge shi da ƙarfi, zai yanke."

Na ji ana gunaguni a baya. A kunnensu na riga na amsa cewa kayana rago ne. Na share, na shiga kwale-kwale ina ɗaure injin a katakon baya. Ina cikin haka na ji ƙara, ƙarat! Na waiwaya, sai ga Malam Sabo riƙe da wata waya mai kauri, ya haɗa kawunan batirin biyu da ita. Haka suke gwada batir a wurin, a ƙyasta a ga tartsatsi, in ya yi yawa mai kyau ne. Ya sake ƙyastawa, ko ƙyalli. Ya sake, shiru. Ya miƙe ya ce, "Sau ɗaya tak, ya mutu."

Na jona injin, na murɗa. Farfela ko motsi. Na san abin da ya faru, mai gadi ne ya ga an fizgi wuta ya rufe ƙofa, ba mutuwa ba ce. Amma maimakon in yi bayani, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce wa Malam Sabo a gaban kowa, "Wa ya sa ka? Shekara da shekaru kana dafa wa mutane batir, ba abin da ka sani sai tartsatsi! Jahilci ne wannan!"

Malam Sabo ya naɗe wayarsa ya tafi. Sarkin ruwa ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Mati, ka yi haƙuri. Bi ɗanka ka tafi gida, 'yar'uwarka ta fi mu gaskiya." Kawu ya sunkuya ya ɗauki batirin da hannun hagu ya yi gaba, ni ina binsa da inji a kafaɗa.

Ban zauna ba. Na shimfiɗa pano a rana na jona, ina tsammanin caji zai tashe shi. Ashe na'urar daidaita cajin ita ma ba ta farawa sai ta ji wuta daga batiri, batiri kuma ba ya buɗewa sai ya ji caji. Kowa yana jiran kowa. Mafita ɗaya ce, a samo wani batiri mai rai a haɗa su na ɗan lokaci. Na shiga gida uku ina roƙo, amsa ɗaya: "Ai namu yana wurin Malam Sabo." A gida na uku ina hango nasu a ƙarƙashin gado.

Na dawo na faɗa wa Kawu, ina huci. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ka san wa ya goyo ni daga kan dutse ranar da na faɗi? Sabo. Ka san tuwon wa ka ci jiya? Na matarsa. An sha kawo mana kayan jabu a nan, shi ke gwadawa don kar a cuce mu. Tsoro yake ji kar abin nan ya mutu da ni a tsakiyar ruwa."

Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Kawu, ban sani ba."

Ya ce, "Ai baƙo makaho ne. Amma makaho ba ya zagin ɗan jagora."

Bayan la'asar na je rumfar Malam Sabo. Yana zuba ruwa a wani batir, bai ɗago ba. Na cire takalmi na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka rashin kunya a gaban mutane. Na zo ka yafe mini."

Ya ce, "Batir ka zo nema."

Na ce, "Shi ma ina nema. Amma ko ba ka ba ni ba, laifin na nan, na yi shi."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Can ya ce, "In na ba ka, gawar can za ta tashi?"

"Za ta tashi, in Allah ya yarda."

"In ba ta tashi ba, ka ɗauki Mati ku tafi. Ba zan yi masa wanka don gwajin yaro ba."

Na ce na yarda. Shi da kansa ya ɗora batir ɗinsa mafi girma a baro ya turo har ƙofar Kawu. Na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, na ƙirga goma na cire, na sa ma'auni. Wuta ta dawo cif. Na murɗa injin, farfela ta juya a iska. Malam Sabo ya tsuguna ya ce in buɗe masa cikin. Na nuna masa mai gadi, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun safe. Ya yi ta jinjina kai, ya ce, "Wato shi yake tsare kansa. Nawa kuwa ko an kashe shi ba ya cewa komai." Shi ne ya je wurin sarkin ruwa ya roƙa mana gwaji na biyu.

Sharaɗin sarkin ruwa shi ne mu zagaya wani dutse da ke can tsakiyar ruwa mu dawo, kuma wanda ya haɗa abin ya shiga tare da shi. Ban iya iyo ba. Aka ɗaura mini jarka biyu marasa komai a ƙugu, mata suka sami abin dariya na biyu. Na shiga na riƙe gefen kwale-kwale da hannu bibbiyu, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Kawu ya zauna a baya, ya kama hannun injin da hagunsa ya murɗa. Muka fara tafiya ba ƙara ba hayaƙi, sai ɗan sautin ruwa a jikin katako. Na saci kallonsa. Bai yi murmushi ba, ruwan kawai yake karantawa, yana karkatar da mu daga wuraren da ni ban ga komai ba. Kusa da dutsen ya kashe injin, ya laluba ya kamo wata igiya. Gura ce, tarkon kifi na wani maƙwabcinsa da ya ce ya duba masa. Na ga tana da nauyi, na miƙa hannu zan taya shi.

Ya daka mini tsawa, "Kar ka taɓa! Gobe ba ka nan."

Ya ja da hagu, ya cafke igiyar da haƙori, ya sake miƙa hannu ya ja, ya sake cafkewa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sau shida ya yi haka kafin gurar ta fito, ya tokare ta da gwiwa ya mirgino ta ciki, tarwaɗa suna ta mutsu-mutsu. Ya tofar da ruwa yana haki. Ni kuwa na juya masa baya, don hawaye sun zo mini kuma ba na so ya gani.

A dawowa iska ta taso ta gabanmu, ruwa yana fantsamo mini a fuska, injin ya ci gaba da turawa bai rage ba. Da muka taɓa gaɓa sarkin ruwa ya dubi kifin, ya dubi Kawu, ya ce, "Kar ka wuce dutsen can. In hadari ya haɗo, ka fito. Filafili kuma ya zauna a jirgi ko ba ka amfani da shi." Sannan ya ce, "Ya ruwa, Mati?" Kawu ya ce, "Da godiya."

Na ƙara kwana biyu. Na kafa pano a kan bukka, na koya wa Malam Sabo dokokin batirin: ba a zuba masa ruwa, ba a ƙyasta shi, ba a sa shi a cajarsa ta janareta, ba a barin shi a rana. Kafin in tafi na ji shi yana koya wa wasu da tsawa, sai ka ce shi ya ƙera. Kawu ya cika mini kwali da bandar kifi ya ce in kai wa Hajiya, in ce mata da Babbar Salla zai zo ya yi kwana uku.

Na shigo Matameye bayan azahar, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi. Hajiya na zaune a tsakar gida. Ta amsa sallamata, amma ba ni take kallo ba, ƙofar zaure take kallo a bayana. Ta jira. Da ta ga ba kowa, ta ce, "Abin ya yi aiki ke nan."

Na ce, "Ya yi, Hajiya. Da kansa ya ɗago gura."

Ta ce, "Ya rame?"

"Kaɗan."

"To. Allah ya yi maka albarka."

Ta tashi ta shiga ɗakin da ke kusa da nata, wanda muke ajiye hatsi. Na bi ta da kwalin kifin. An kwashe buhunan, an yi sabon shafe, an share, ga sabuwar tabarma a shimfiɗe da buta a gefe. Ta durƙusa a hankali ta fara naɗe tabarmar. Na ce ta bari in naɗe mata. Ta ce a'a, in je in ci abinci.